Yadda Iyali Za Su Shiga Al'adun Fatan Alheri Na Sinawa A Bikin Sabuwar Shekararsu

Duk Bahaushen da ke harkar kaya da ƙasar Sin ya san lokacin da waya ke daina shiga, masana'antu su rufe, dillalan Guangzhou da Yiwu su ce a dakata sai bayan biki. Wannan shi ne bikin sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa, wanda suke kira Chunjie, wato bikin bazara, kuma shi ne mafi girma a cikin bukukuwansu. Iyalan da ke zaune a can, ko ɗalibai, ko waɗanda ke da maƙwabta da abokan aiki Sinawa a Kano da Abuja da Legas, sukan sami gayyata ko kyauta a wannan lokaci, su rasa yadda za su mayar da alheri. Abin da ke tafe bayani ne na yadda gida guda zai bi waɗannan al'adu daki-daki, tun daga shirye-shirye har zuwa dare na goma sha biyar, ba tare da an saɓa wa masu al'adar ba, kuma ba tare da iyalin sun taka iyakar addininsu ba.

Matakin farko shi ne sanin ranar, domin ba ta tsayawa wuri ɗaya a kalandar Miladiyya. Kalandar gargajiya ta Sinawa tana bin wata, amma tana ƙara wata na goma sha uku sau bakwai a cikin kowace shekara 19 don kada ta rabu da yanayin rana, saboda haka bikin yana faɗowa ne kullum tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ba ya zagaya damina da rani kamar watannin Hijira. A 2025 ya kama 29 ga Janairu, a 2026 ya kama 17 ga Fabrairu, a 2027 kuma zai kama 6 ga Fabrairu. Kowace shekara tana da dabbarta daga cikin goma sha biyu: 2025 ta maciji ce, 2026 ta doki, 2027 ta tunkiya. Iyali musulmi su lura da cewa a 2026 da 2027 bikin yana gab da kamawar azumin Ramadan, da tazarar kwana ɗaya ko biyu, don haka ziyarce-ziyarcen da suka biyo bayan ranar farko za su faɗa cikin azumi, sai a tsara su da dare bayan an sha ruwa.

Kafin a sayi komai, maigida da uwargida su zauna su rarrabe abin da za a yi da abin da za a bari, kuma ni a ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci. Al'adun bikin kashi biyu ne. Akwai waɗanda suke zumunci ne da tsafta da ciyarwa da addu'ar fatan alheri: share gida, biyan bashi, haɗuwar dangi a kan abinci, ba yara kuɗi, gaida manya. Akwai kuma waɗanda suke ibada ce a wurin masu yin ta, kamar ƙona turaren tsinke da ajiye abinci ga kakannin da suka rasu, da sallamar abin bautar madafa da suke kira Zao Jun a ranar 23 ko 24 ga watan ƙarshe na kalandarsu, da manna hotunan masu tsaron ƙofa, da tarbar abin bautar arziki a rana ta biyar. Kashi na biyu ba na musulmi ba ne, ba kuma na kirista ba, kuma babu Basine mai hankali da zai ji haushi don baƙo ya tsaya gefe cikin ladabi lokacin da ake yin su. Musulmin Sin da kansu, musamman 'yan ƙabilar Hui, sun daɗe suna zaune da maƙwabtansu a kan wannan fahimta. A bayyana wa yara tun farko cewa jar takarda ko kifi ba su kawo arziki, arziki na Allah ne. Abin da ake yi shi ne koyon yadda wasu mutane suke furta fatan alheri ga junansu, da girmama su a ranar farin cikinsu.

Daga nan sai shara. Kimanin mako ɗaya kafin ranar, Sinawa suna yi wa gida tsafta irin wadda ba a yi sai sau ɗaya a shekara: a janye gadaje da kujeru, a kakkaɓe yanar gizo-gizo daga rufi, a wanke labule da tagogi, a kankare maiƙon madafa, a fitar da tsofaffin kaya da fasassun kwanuka. Ma'anarta a wurinsu ita ce fitar da wahalar tsohuwar shekara don sabuwa ta sami wurin shiga. Mutanen lardin Guangdong sun fi ware ranar 28 ga watan ƙarshe don wannan aiki. A raba aikin tsakanin kowa, har da ƙananan yara, kuma a gama shi kafin daren jajibiri, domin da zarar shekara ta shiga ana ajiye tsintsiya. A cikin makon ne kuma ake aski da gyaran kai, a sayi sababbin tufafi, galibi masu ja a jikinsu, a kuma biya basussuka. Wannan na ƙarshe ɗan kasuwa ya riƙe shi da kyau: idan akwai ragowar kuɗin masana'anta ko na dillali ko na mai ɗaukar kaya, a biya kafin biki, saboda su ma da shi za su sallami ma'aikatan da za su tafi garuruwansu, kuma shiga sabuwar shekara da bashi abin kunya ne a wurinsu. Wanda ya cika wannan alkawari a kan lokaci, ba sa manta masa.

Bayan tsafta sai ado, kuma launinsa ja ne da ruwan zinariya. Tatsuniyarsu ta ce wani dodo mai suna Nian yana fitowa a ƙarshen shekara ya addabi ƙauyuka, har mutane suka gano yana tsoron jan launi da wuta da ƙara, kuma daga nan ake danganta jajayen takardu da fitilu da wasan wuta. A ƙofar gida ana manna chunlian, wato dogayen jajayen takardu biyu masu ɗauke da baiti biyu da suka yi daidai a tsawo da ma'ana, da gajera ɗaya a saman ƙofa. Kada a manna abin da ba a san ma'anarsa ba. A nemi maƙwabci ko abokin aiki ya karanta, a zaɓi masu maganar lafiya da zaman lafiya da haɗin kan iyali, shi ne kuma zai nuna wace takarda ce ta dama wace ce ta hagu, domin tsarin yana bin yadda aka rubuta ta sama. Sai harafin fu, mai nufin albarka ko sa'a, wanda ake rubutawa a kan jar takarda mai kusurwa huɗu. Mutane da yawa suna manna shi a kife, saboda a harshensu kalmar kifewa da kalmar isowa furuci ɗaya ne, dao, sai ya zama kamar an ce albarka ta iso. Wasu dattawa ba sa son a kife shi a babbar ƙofa, sun fi son a yi hakan a jikin kabad ko mazubin shinkafa, don haka a tsayar da na ƙofa daidai. Wanda ke Guangzhou kada ya bari kasuwannin furanni su wuce shi. Suna ci ne a kwanaki uku na ƙarshe kafin biki, mafi daɗewa a cikinsu ita ce ta Xihu da ke gundumar Yuexiu, kuma daga can ake sayo ƙaramar bishiyar lemu a tukunya a ajiye bakin ƙofa.

Zuciyar bikin gaba ɗaya ita ce cin abincin daren jajibiri, wanda suke kira nianyefan. Saboda wannan zama guda ne ɗaruruwan miliyoyin mutane ke cika jiragen ƙasa da motoci a cikin kwanaki 40 na zirga-zirgar da ake kira chunyun. Don haka sharaɗin farko shi ne kowa ya hallara, a zauna tare, a kuma kira waɗanda ke nesa ta waya. Kusan kowane abinci a teburin yana da dalilin zuwansa, kuma yawancin dalilan daga kamannin furuci suka fito. Kifi sunansa yu, haka ma rara ko ragowa, saboda haka ake kawo shi ɗungurungum da kai da wutsiya, a juya kan wajen babban gida ko babban baƙo, a kuma bar saura da gangan har gobe, alamar shekara ta ƙare da rara. Ba a juya kifin idan an cinye gefe ɗaya; ana ɗage ƙashin ne a ci na ƙasa. Kaza ma ɗungurungum ake kawo ta, taliya kuma ba a gutsuttsura ta domin tsawonta yana nuni da tsawon rai. Akwai kuma niangao, wani tuwo mai zaƙi da danƙo da ake yi da garin shinkafa mai yauƙi da sukari, wanda sunansa ya yi kama da cewa shekara ta fi shekara ɗaukaka.

Dafa kifin ba shi da wahala. A sami kifi sabo mai nauyin kusan rabin kilo, a wanke, a tsaga jikinsa sau biyu ko uku a kowane gefe, a cusa yankakkiyar ɗanyar citta da ganyen albasa a ciki da kuma ƙarƙashinsa. A bari ruwan madambaci ya tafasa sosai tukuna, sannan a sa kifin a faranti a turara shi na minti takwas zuwa goma. A tsiyaye ruwan da ya taru a farantin saboda ƙarni, a zuba sabon ganyen albasa da citta a kai, a zuba ruwan ɗanɗano na waken soya cokali biyu ko uku a gefe, sannan a zafafa mai har ya fara hayaƙi a kwarara a kan ganyen.

Abin da ya fi haɗa iyali aiki shi ne jiaozi, abincin mutanen arewacin Sin, wanda ake naɗe shi da siffar tsofaffin dunƙulen azurfa da zinariya da aka yi ciniki da su a da. A kwaɓa fulawa rabin kilo da ruwa kimanin kwata na lita da ɗan gishiri, a murza har ƙullun ya yi santsi, a rufe shi ya huta rabin awa. Kafin nan a haɗa niƙaƙƙen naman rago ko na sa rabin kilo da ganyen albasa da citta da gurzajjen karas ko kabeji, da ruwan waken soya da man riɗi da gishiri, a riƙa juyawa ta gefe ɗaya ana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan har haɗin ya kama jikinsa. Idan kabeji aka sa, a barbaɗa masa gishiri a matse ruwansa tukuna, in ba haka ba zai jiƙa ƙullun ya fashe a tukunya. Sai a mulmula ƙullun ya yi tsawo, a yayyanka ƙanana, a murza kowane ya zama faifai kamar faɗin tafin hannun yaro, tsakiyarsa da ɗan kauri, bakinsa siriri. A sa cokali ɗaya na nama a tsakiya, a ninke, a matse bakin sosai. A nan ne yara ke shiga, kuma kada a damu da kyan naɗin, abin lura kawai shi ne kada a bar kafa. A zuba su cikin ruwa mai tafasa, a juya a hankali don kada su kama gindin tukunya, duk lokacin da ruwan ya taso a ƙara rabin kofi na ruwan sanyi, har sau uku, sannan a tsame. Al'ada ce a ɓoye tsabar kuɗi a cikin ɗaya, wanda ya ci karo da ita a taya shi murna, amma a gidan da ke da ƙananan yara gara a sa dabino ko gyaɗa saboda tsoron shaƙewa.

Idan kuwa iyalin ne aka gayyata, ko za a sayo abincin a waje, sai an yi hattara, domin jiaozi na yau da kullum da naman alade ake yi, kuma girkin Sinawa yakan ƙunshi kitsen alade da giyar girki da suke kira liaojiu, har a cikin kifi da ganye. A faɗa wa mai gayyata tun da wuri, ba ranar ba. A kasuwa a nemi alamar qingzhen, wadda ita ce shaidar halal a Sin, ana ganinta a gidajen taliyar Lanzhou da shagunan musulmi na unguwar Xiaobei da kewayen masallacin Huaisheng a Guangzhou, sai dai da yawa daga cikinsu su ma suna rufewa a makon biki, don haka a tanadi nama tun kafin lokacin. A teburin kuma kada a soke sandunan cin abinci a tsaye cikin shinkafa, saboda hakan yana kama da turaren da ake kafa wa mamaci.

Bayan abinci ba a kwanciya da wuri. Ana zama ana hira har tsakar dare, al'adar da suke kira shousui, kuma gidaje da yawa suna kunna shirin daren biki na gidan talabijin na CCTV, wanda aka fara a 1983, yana kuma somawa da ƙarfe takwas na dare agogon Beijing. Sin tana gaban Najeriya da Nijar da awa bakwai, don haka mai son aika gaisuwa daga gida a daidai shigar shekara sai ya aika da ƙarfe biyar na yamma. Wasan wuta kuwa birane da yawa sun hana shi ko sun keɓe masa wurare, kuma baƙo bai kamata ya gwada ba sai ya tabbatar da dokar unguwarsa.

Jan ambulan, hongbao, ko lai si a bakin mutanen Guangdong, shi ne abin da yara suka fi jira, kuma ya yi kama da barka da sallah da manya ke ba yara a wurinmu. Ƙa'idojinsa suna da yawa amma suna da sauƙi. Masu aure ne ke ba yara da waɗanda ba su yi aure ba, 'ya'yan da suka fara samu kuma su ba iyaye da kakanni. A sa sababbin takardun kuɗi, kada a sa tsaba ko yamutsattsu, shi ya sa ake ganin layi a bankuna kafin biki. A guji duk adadin da ke da huɗu, saboda furucin huɗu ya yi kusa da na mutuwa. An fi son takwas da shida da adadi mai rabuwa biyu daidai. Ambulan ɗin ja ne ko ruwan zinariya, fari na ta'aziyya ne. Ana miƙawa da hannu biyu, a karɓa da hannu biyu, a yi godiya da gaisuwa, kuma ba a buɗewa a gaban wanda ya bayar. Wannan a koya wa yara tun a gida, domin a nan ne suka fi yin kuskure. A Guangdong kuɗin ba shi da yawa, yuan (kuɗin Sin) 10 ko 20 ya isa, amma ana ba mutane da yawa, har mai gadi da mai shara da yaron shago, alhali a wasu larduna adadin yakan kai ɗaruruwa ga yaro guda na dangi. Tun 2014 ana iya aikawa ta manhajar WeChat, wadda ta dace da abokan ciniki da ke nesa.

Ranar farko ranar kiyaye baki da hannu ce. Ba a shara, ba a fitar da bola, ba a amfani da almakashi, ana rage amfani da wuƙa, shi ya sa ake yanka kayan miya tun jiya. Ba a faɗa, ba a zagin yaro, ba a ambaton mutuwa ko ciwo ko asara, ba a kuma tambayar bashi. Idan kwano ya fashe, sai a ce sui sui ping an, wato zaman lafiya shekara bayan shekara, domin kalmar fashewa da ta shekara furucinsu ɗaya. Suna kuma guje wa wanke kai a ranar, amma wannan ba zai hana musulmi alwala ko wankan da ya wajaba a kansa ba, kuma babu wanda zai nemi ya bari. A sa sababbin kaya a fita gaida manya da maƙwabta. Gaisuwa uku sun wadatar: xin nian kuai le, barka da sabuwar shekara, gong xi fa cai, fatan arziki, wadda ta dace da 'yan kasuwa, da shen ti jian kang, fatan lafiyar jiki, wadda tsofaffi suka fi so.

Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Kyautar da ba a kuskure da ita ita ce lemun tanjarin guda biyu ko kwando guda, ko ganyen shayi, ko kwalin alewa da busassun 'ya'yan itace. Dabino mai kyau ma karɓaɓɓe ne. A Guangdong mai gida yakan mayar da lemu biyu lokacin sallama, a karɓa, kada a ce a bar shi. Abubuwan da ba a bayarwa su ne agogo, saboda furucin ba da agogo ya yi daidai da na rakiyar gawa, da laima da 'ya'yan itacen pear (ba fiyar da muka sani ba), saboda sunayensu suna kama da watsewa da rabuwa, da wuƙa, da duk abin da aka naɗe da fari ko baƙi.

Sauran kwanakin ba su da nauyi sosai. A rana ta biyu matan aure suna kai ziyara gidan iyayensu tare da mazajensu da 'ya'ya, don haka kada a yi mamakin tarar da gidan maƙwabci a rufe. Rana ta uku mutanen kudu suna ɗaukarta ranar da faɗa ke saurin tashi, sai su zauna a gida, kuma ba a kai ziyara sai an tambaya. A rana ta biyar hane-hanen suke sauka, a ɗauki tsintsiya a fitar da sharar da ta taru. Shaguna da ofisoshi da yawa suna zaɓar rana ta takwas su buɗe, kuma a Guangdong mai shago yana raba wa ma'aikatansa jan ambulan na komawa aiki a safiyar, abin da Bahaushe mai ofis ko sito a can ya kamata ya tanada. Masana'antu kuwa sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ma'aikata su dawo aiki ya kankama, saboda haka kada a matsa wa kowa da maganar kwantena a cikin waɗannan kwanaki.

Bikin yana rufewa a dare na goma sha biyar, lokacin da wata ya cika, da bikin fitilu da suke kira Yuanxiao. Ana fita da yara kallon fitilun takarda a lambunan shaƙatawa, ana warware kacici-kacicin da aka rataya a jikinsu, a gida kuma a dafa tangyuan. A kwaɓa garin shinkafa mai yauƙi da ruwan ɗumi har ya yi laushi, a gutsura a faɗaɗa a tafin hannu, a sa haɗin niƙaƙƙen baƙin riɗi ko gyaɗa da sukari da man shanu a tsakiya, a rufe a mulmula, a dafa a ruwa mai tafasa har su taso sama, a ƙara minti biyu, sannan a zuba su cikin ruwan citta mai sukari a sha da ɗumi. Na kanti galibi da kitsen alade ake haɗa cikinsu, don haka a duba alamar qingzhen a jikin leda ko a yi na gida. Ga ƙananan yara da tsofaffi a raba kowane biyu kafin a ba su, saboda danƙonsa yana iya tsayawa a maƙogwaro. Washegari ana iya sauke fitilu da sauran kayan ado, amma takardun ƙofa yawanci ana barinsu a wurin har shekara ta zagayo a manna sababbi.